Alhaji, ka karɓo faifan nan daga hannun ɗan yayarka

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa kwamfutar da yake ajiye lissafin kaya da sunayen masu bashi na shekara 6 ta fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, tana daskarewa. Ya ba ɗan yayarsa da "ya iya kwamfuta", yaron ya kwana uku yana kunnawa yana kashewa, yanzu ko buɗewa ba ta yi. Ga shi yana shirin buɗe reshe na biyu.

Alhaji, ajiye maganar reshe tukuna. Wanda bai san wa yake bi bashi ba, wane reshe zai buɗe?

Faifan ajiya (hard disk), inda kwamfuta ke adana bayananka, kowanne yana da ranar mutuwarsa, wannan ba laifinka ba ne. Laifinka shi ne miƙa wa yaro dukiyarka don ɗan gida ne kuma ba zai caje ka ba. Araha ba ta ado. Cikin faifan nan akwai faranti masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a samansu, tazarar ko kusa ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙarar da ka ji, galibi hannun ne ya kasa karatu yake komawa yana bugawa. In ya gogi farantin, wurin ya zama ƙura, kuma babu gwanin da ke mayar da ƙura lissafi. Kwana ukun nan, kowace kunnawa caca yaron ya yi da kuɗinka.

Na san wani mai sayar da kayan gini da ƙaninsa ya kwance murfin faifai a kan tebur "don ya duba". Ƙura ta shiga. Rabin masu bashinsa suka wayi gari ba su san shi ba.

Kar a sake kunna ta, kar a sa faifan a firiza. Kai shi wurin ƙwararrun dawo da bayanai masu ɗaki mara ƙura, ka tambaye su abu ɗaya: za su fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani sabo, su yi aiki a kan kwafin? In sun yi kame-kame, ɗauki kayanka. Kuɗin aikin zai yi ninkin-ba-ninkin na faifan waje na ajiye kwafi da ka ƙi saya. Biya.

Kafin sakamako ya fito, yau ɗin nan ka zauna da rasitai, saƙonnin banki da hirarrakin WhatsApp, ka sake haɗa jerin masu bashi. Kuma ka ja kunnen yaron ya yi shiru, kada labari ya riga ka isa wurinsu.