Tambayoyinku: Mashin ɗina na mutuwa a hanyar gona, wai CDI ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni manomi ne, ina zaune a Rigachikun, gonata kuma tana can ciki bayan Jaji, hanya ce ta laka da rafi biyu. Tun da damina ta kankama mashin ɗina ya fara min wani hali, da safe bugu ɗaya ya tashi, amma in na yi kamar minti 20 ina tafiya sai ya fara tari ya mutu, in na zauna ƙarƙashin bishiya ya huce sai ya tashi kamar ba shi ba. Wani lokacin kuma da na tsallaka ruwa shi ke nan. Bakanike ya canza min CDI har sau biyu amma ba ta canza zani ba. Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba da damina mai albarka. Gaskiya kuɗin nan naka sun min ciwo, don CDI, wato ɗan akwatin nan da ke sarrafa wutar fulogi, shi ya kamata a zarga a ƙarshe amma shi ake fara cirewa, saboda soket ɗaya ne kawai, a zare a soka sabo a karɓi kuɗi.

Bari ka ga yadda wutar ke tafiya. Cikin injin bayan fulawil, wato faifan ƙarfen nan mai juyawa da maganaɗisu a jikinsa, akwai kwayil da ke samar da wuta in maganaɗisun ya juya, kusa da shi akwai wani ƙarami, fikof, shi ke faɗa wa CDI lokacin da zai saki wuta. CDI ya tara wajen bolt 200 zuwa 400 ya watsa wa kwayil ɗin da ke ƙarƙashin tanki, shi kuma ya ɗaga ta ta kai bolt 20,000 ko fiye, ta bi waya ta shiga hular fulogi ta yi tartsatsi. To ka ga wurare nawa ke nan, kuma CDI ɗin a toshe yake da roba, babu abin da ke motsi cikinsa, shi ya sa yakan fi sauran juriya.

Abin da ka faɗa na mutuwa in ya yi zafi, ni kwayil nake zargi, ko na cikin injin ko na ƙarƙashin tanki. Wayar tagullar da aka naɗa ciki siririya ce kamar gashi, in ta tsufa ta tsinke a wani wuri bakin biyu suna taɓa juna muddin injin na sanyi, da zafi ya buɗa ta sai su rabu wuta ta ɗauke. Shi ya sa in ka kai shi gareji da safe ba za a ga komai ba, ko an sa mita lafiya lau zai nuna. Gwajin a daji za ka yi shi, daidai lokacin da ya mutu. Ka riƙa yawo da fulogi ɗaya mai kyau a aljihu, da ya mutu ka zare hular ka soka wannan, ka jingina ƙarfensa jikin injin ka buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas tas, wuta lafiya take, ka koma kan mai, ko ramin iskar murfin tanki ya toshe ko ruwa ya shiga kabureta ko bawul sun matse. In babu komai ko ka ga wani ja-ja mai rauni, ga ɓarawon nan, matsalar ta wuta ce. Amma ka riƙe hular ta wajen robarta da busasshen hannu, nesa da fetur, kuma kar ka buga kik fulogi na reto bai taɓa ƙarfe ba, hakan kan iya lalata kwayil ko CDI ɗin.

Maganar rafi kuma daban ce. Hular fulogi in ta tsage ko robar bakinta ta saki, ruwa na taɓa ta wutar za ta bi ruwan ta gudu jikin injin. Araha gare ta, ka canza kawai. Sannan da yawa daga mashinan nan ana kashe su ne ta hanyar haɗa wata waya da bodi, a tsarin Honda da na China masu kwaikwayonsa baƙa ce mai ratsin fari, to in laka ta cika makunni sai ta yi wannan haɗin da kanta. Zare wayar ka buga, in ya tashi ka gama bincike. Ka kuma kwance wayar da aka ɗaure jikin bodi ka kankare tsatsar, wannan ɗan aikin kaɗai na sha ganin ya tada mashin ɗin da aka fidda rai da shi.

Tambaya: Malam, zan je Panteka sayen CDI, wani ya ce duk ɗaya ne in dai soket ya shiga. Haka ne? Daga wani mai karatu a Kujama.

Amsa: A'a, ba haka ba ne. Iri biyu ne, akwai AC mai shan wuta kai tsaye daga kwayil ɗin injin, wannan ko babu batir mashin zai tashi, shi ya sa na fi son sa ga mai shiga daji. Akwai kuma DC mai dogaro da batir na bolt 12, in batir ya kwanta ko rektifaya, wato abin da ke daidaita wutar cajin batir, ya fara tura wuta fiye da kima shi ma zai ba ka matsala. Soket ɗinsu kan yi kama amma ba sa maye gurbin juna, wani lokacin ma nan take sabon zai ƙone. Ka tafi da tsohon naka a hannu a gwada lamba da lamba, kuma duk ranar da za a yi maka walda a bodi ka zare CDI da batir tukuna.