Me ya sa Metapod ɗina ba ya duka?

Ɗan'uwa, ka ce a wasan Pokémon FireRed, inda ake kama halittu a yi faɗa da su, Metapod ɗinka sai Harden, wato ƙara tauri, ba ya kai hari. Na ci karo da wannan. A dajin Viridian ka kama shi yana Metapod, shi ya sa. Koma ka kamo koriyar tsutsar nan, Caterpie. Tana da harin Tackle, kuma ba ta mantawa idan ta rikiɗe ta zama Metapod a mataki na 7. A mataki na 10 sai ta zama Butterfree mai harin Confusion, maganin Geodude ke nan, halittar dutse ta Brock, gwanin farko da za ka kara da shi.

Kada ka bar Caterpie gaban Pidgey, tsuntsu ne, zai yi kaca-kaca da ita. Don ta hau mataki, fara faɗan da ita, sai ka musanya ta da wata halitta.