Amsa ga mai shirin zuwa kwas ɗin shugabanci a Dutsen Shere

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka cewa an naɗa ka ƙaramin hafsa a ƙungiyar Man O' War ta makarantarku, an kuma sa sunanka cikin masu zuwa kwas ɗin shugabanci a Dutsen Shere da ke Jos nan da mako shida, kana son sanin abin da za ka tanada da irin atisayen da ya kamata ka fara. Wasu 'yan'uwa sun ce ka dage da gudu da haddace umarnin fareti, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai ni da na halarci kwas ɗin ina ɗalibi, daga baya kuma na raka ƙannenmu, na ga cewa ba a nan yawancinmu muke faɗuwa ba.

Ka fara sanin inda za ka. Wurin reshe ne na cibiyar gwamnatin tarayya mai horar da 'yan ƙasa kan shugabanci, wadda aka fi sani da CLTC. Asalinta horon da wani Bature, Alec Dickson, ya fara a 1951 a Man O' War Bay, bakin teku kusa da garin Victoria, wato Limbe ta Kamaru a yau, kuma daga can ƙungiyarmu ta samo sunanta. Tun farko ba don a fitar da soja aka kafa shi ba, an kafa shi ne don a haɗa matasa daga wurare dabam-dabam, a sa su cikin wahalar da mutum ɗaya ba zai iya fita shi kaɗai ba, a ga yadda za su yi da juna. Idan ka riƙe wannan, za ka gane dalilin da ya sa malamin horo yakan tsaya gefe ya yi shiru, alhali yana ganin kuna shirme.

Bari in ba ka labarin katanga, domin a nan na sha kunyar da har yau ban manta ba. Katanga ce mai tsawon ƙafa 12, ba igiya ba tsani, ana so rukuninku duka ya tsallaka. Ranar ni aka ba jagoranci, kuma da yake ina ji da ƙarfi, sai na ce a ɗaga ni in fara hawa, a tunanina shugaba shi ne a gaba. Masu sauƙin jiki suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya, muna ta ihu muna jin daɗi, har ya rage saura mutum biyu a ƙasa, ɗayansu kuwa shi ne mafi nauyi a cikinmu. Abokinsa ya durƙusa ya ba shi kafaɗa, ƙafafunsa suna rawa, mu kuma a sama muna jan hannun rigarsa har ta yage, bai hau ba. Da lokaci ya cika, malamin bai yi mini tsawa ba, tambaya ɗaya kawai ya yi: kafin ka hau, ka ƙirga mutanenka ka ga wa zai rage? Dabarar ita ce masu nauyi su hau a tsakiya, lokacin da akwai masu turawa a ƙasa da masu ja a sama, a bar dogo marar nauyi mai iya tsalle a ƙarshe. Minti ɗaya na shawara ya isa a gano haka, ni kuwa ban tsaya na tambayi kowa ba.

Saboda haka, a makonnin nan shida, idan kun fita atisaye da yaran da ke ƙarƙashinka, ka koya wa kanka tsayawa kafin a fara kowane aiki, ka faɗi abin da za a yi a taƙaice, ka raba wa kowa nasa, sannan ka tambaya ko akwai mai wata dabara. Ka saba da ƙirga mutane duk lokacin da aka tashi da duk lokacin da aka tsaya. Ka kuma saba da bin umarnin wanda ka fi, domin a can yau kai ne jagora, gobe yaron da ka girme zai ba ka umarni, kuma ana lura da fuskarka a ranar ta biyu fiye da ta farko.

Game da jiki, tafiya ta fi gudu muhimmanci. Garin Jos kansa yana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, don haka mutumin Kano ko Sakkwato da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai ji numfashinsa ya canza a hawan farko. Ka riƙa goya jaka mai ɗan nauyi kana tafiya, ka fara da kilomita 5 kana ƙarawa kowane mako, idan akwai dutse ko bene kusa da ku ka yi ta hawa da sauka. Abin da na fi jaddadawa shi ne takalmi. Kada ka kuskura ka je da sabon but. Na ga saurayi mai ƙarfi kamar doki ya zauna kan dutse ya cire safa, dugadugansa duk bororo ya fashe, sauran tafiyar sai da aka raba kayansa aka ɗaukar masa. Ka sayi takalmin yanzu, ka yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafarka, ka tanadi safa mai kauri aƙalla ƙafa huɗu da filasta, ka yanke farce kafin tafiya, domin a gangara ne yatsu suke dukan bakin takalmi.

Tun da tafiyarku ta faɗo cikin hunturu, kada ka raina sanyin Jos. Wanda ya fito fareti da asuba a can ya san ba irin namu ba ne. Ka ɗauki rigar sanyi, hular sanyi, bargo, da man kaɗanya ko basilin saboda faso da tsagewar leɓe. Ka haɗa da tocila, usur, gorar ruwa, ƙaramin littafi da biro, sai ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino. Sauran kaya ka bi abin da takardar gayyata ta lissafa, kada ka cika jaka da abin da kai ne za ka goya.

Akwai karatu kaɗan da zai ɗaga ka. Ka nemi wanda zai nuna maka riƙon kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa, da karatun taswira tun a gida. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, santimita 2 kilomita ɗaya ce a ƙasa, kuma inda layukan da ke nuna tsayin ƙasa suka matsu da juna, wurin yana da tsananin hawa. Masu hawan dutse suna lissafin awa ɗaya ga kowace kilomita 5, su ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600, amma ka tuna da saurin mafi rauni a rukuninku za ka yi lissafi, ba da naka ba. Ka kuma iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abu na ƙarshe shi ne lafiya, kuma a nan nake roƙonka da girman Allah. Idan kana da asma, sikila, gyambon ciki ko tsohon targaɗe, ka faɗa wa likita lokacin gwajin lafiya, ka kuma sanar da malaman horo ranar da kuka isa. Matasa suna ɓoyewa don kada a ce sun gaza, sai abin ya tashi a tsakiyar daji inda mota ba ta zuwa. Ka tambayi yaran da za ku tafi tare su ma, ɗaya bayan ɗaya a keɓe, ka rubuta a littafinka wanda yake shan magani da inda yake ajiye shi a jakarsa. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.