An sallami ɗana daga kwas ɗin aikin motar asibiti, ba zalunci ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana na biyu yana Amurka wajen yayansa, ya shiga kwas ɗin masu aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, wanda suke kira EMT. Saura 'yan makonni ya gama suka sallame shi. Laifinsa wai ya yi fashin kwana uku, ɗaya ma ranar Babbar Sallah ce, sannan ya ci maki 76 a jarrabawa alhali 80 suke so. Yaron nan ko a sakandare bai taɓa faɗuwa ba. Zuciyata ta ba ni don baƙar fata ne kuma Musulmi. Me za mu yi?
Wata uwa, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanyaya miki zuciya. Ni ma irin wannan kwas na fara yi a wata kwaleji a can, daga baya na wuce zuwa matakin faramedik, wato babban ma'aikacin agajin gaggawa da ke sama da EMT, na yi shekaru ina kwana a bayan motar asibiti. Zan faɗa miki abin da na sani, ko da wani ɓangarensa bai yi miki daɗi ba.

Kwas ɗin EMT gajere ne ƙwarai, awa 150 ne ko sama da haka kaɗan, a cikin wata uku zuwa huɗu. Hukumar jiha ce ke gindaya mafi ƙarancin awowin, kuma sai malami ya sa hannu cewa ɗalibi ya cika su kafin ya zauna jarrabawar ƙasa ta NREMT, hukumar da ke ba masu wannan aiki shaidar ƙwarewa a Amurka. To, a kwas mai wannan tsawo fashin kwana uku ba ƙaramin giɓi ba ne. Darasin buɗe wa mutum hanyar numfashi, alal misali, a zama ɗaya ko biyu ake yin sa, a kan mutum-mutumin roba, malami yana tsaye yana gyara maka riƙon hannu. Wanda bai zo ranar ba, ko ya haddace littafin tas hannunsa bai koya ba. Haka danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya: sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5, danni 30 sannan hura numfashi sau 2. Kowa zai iya karanta wannan, amma sai ka yi minti biyu cur kana yi kafaɗunka sun ɗau zafi za ka gane yadda hannu ke sassautawa ba da saninka ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa ne bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar iska.

Maganar maki ma haka take. Makarantu da yawa 75 ko 80 suke ɗauka a matsayin ci, abin da a gida za mu kira babban sakamako. Lokacin da nake matakin faramedik, wanda ke cin awa 1,200 zuwa 1,800, na ga dalili da idona. Allurar adirenalin tana zuwa da ƙarfi iri biyu, ɗaya ya ninka ɗayan sau goma, kuma ta ƙananan yara da nauyin jikinsu ake lissafa ta. A asibiti akwai likita, akwai mai haɗa magani, akwai nas ta biyu da za ta duba kafin a yi. A bayan mota da ƙarfe uku na dare ku biyu ne, ɗayanku kuma yana tuƙi.

Ni kaina na faɗi jarrabawar gwajin hannu ta farko. Na yi komai daidai, na ɗaure rauni, na auna bugun jini, sai malamar ta miƙo mini takarda da jan biro. Ban furta cewa na sa safar hannu ba, ban kuma ce na duba wurin ko akwai haɗari ba. Waɗannan na cikin kurakuran da ɗaya kawai ya isa ya kayar da ɗalibi, komai yawan makinsa. Na ji zafi sosai, na kwana biyu ina ganin an ci zalina. Bayan shekaru aka kira mu wajen wata mota da ta daki turken wuta, waya tana kwance a ƙasa cikin duhu dab da ƙofar direba. Abin da ya tsayar da ƙafata a wannan daren shi ne jumlar nan ta duba wuri ko akwai haɗari, wadda aka tilasta mini maimaitawa har ta zama jiki.

Batun launin fata ba zan share miki shi ba, domin wariya tana nan kuma na gamu da ita. Sai dai ki gaya wa ɗanki kada ya ɗauka shi baƙo ne a wannan sana'a. A 1967, a unguwar baƙaƙen fata ta birnin Pittsburgh, aka kafa ƙungiyar motocin agaji ta Freedom House, inda Dokta Peter Safar ya horar da samarin unguwar, suka shiga sahun farko na faramedik a Amurka baki ɗaya. Hanyar gane ko wariya aka yi masa ita ce ya bincika ko akwai ɗan ajinsu da ya yi fashi kamar nasa, ya ci maki kamar nasa, aka bar shi ya ci gaba. In akwai, kwalejoji suna da ofishin karɓar irin wannan ƙorafi, ya kai a rubuce. In kuwa kowa haka aka yi masa, to dokar ce ta hau kansa.

Abin da zai yi yau, ba gobe ba, shi ne ya ɗauko kundin dokokin ɗalibai da aka ba shi a makon farko, wanda na tabbata ya sa wa hannu. A ciki akwai babin ɗaukaka ƙara, kuma yawanci kwanaki kaɗan ake bayarwa. Ya rubuta wa shugaban shirin takarda cikin ladabi, ya bayyana cewa rana ɗaya ta idi ce, ya nemi a ba shi damar rama awowin. Kuskurensa a nan, in ban yi ƙarya ba, shi ne bai sanar tun da wuri ba. Ni a makon farko nake rubuta wa malami kwanakin da ake sa ran Sallah za ta faɗo, in nemi ranar ramuwa, kuma ba a taɓa hana ni ba. In ƙarar ba ta karɓu ba ya sake rajista a zango mai zuwa. Wata huɗu ne, kuma rabin darasin yana kansa.

In ya koma, abu biyu nake so ya kiyaye. Na farko gemu. Kafin a tura ɗalibi asibiti ana gwada masa takunkumin N95, shi kuwa ba ya kama fuska in akwai gashi a inda gefensa ke zama. Akwai wani nau'in mai rufe kai gaba ɗaya da ba ruwansa da gemu, amma sai an nema tun farko. Na biyu waya. Dokar sirrin majiyyaci ta Amurka ta 1996 ba ta da wasa. Wata 'yar ajinmu, haziƙa ce kuwa, ta ɗauki hoton motar da ta yi haɗari ta sa a Facebook, ko fuskar kowa ba ta fito ba sai lambar motar. Washegari aka karɓi katinta na ɗaliba, aka sallame ta. Ko a zauren WhatsApp na dangi kada ya tura miki labarin wanda ya ɗauka.

TAMBAYA: Na gama sakandare, ina son wannan aiki amma a nan Najeriya. Ina da D7 a Kemistiri. Za a ɗauke ni?
Wani matashi, daga Kaduna

AMSA: Ƙanena, D7 ba kiredit ba ce, daga C6 ake farawa. Difloma a fannin faramedik tana ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan garinku, kuma kamar sauran kwasa-kwasan lafiya ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik, a zama ɗaya ko biyu. Ke nan ka sake rubuta Kemistiri a NECO ko WAEC ka haɗa da sakamakonka na farko, sannan ka yi JAMB. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin yana cikin wuraren farko da suka fara wannan horo a ƙasar nan, kuma tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, NEMSAS, a Abuja a 2022 ake ƙara neman masu wannan ilimi. Kafin ka biya ko kwabo a kowace makaranta, ka tabbatar kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba, yana cikin jerin waɗanda NBTE ta amince da su, ka kuma tambaye su a wane asibiti ɗalibansu ke zuwa koyon aiki, kuma motoci nawa ne suke hawa.