Harry Osborn: mugu ne, ko gado ne ya ci shi?

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu zama, don ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce ka kalli fina-finan Spider-Man guda uku na Sam Raimi, ka rasa inda za ka ajiye Harry Osborn: mugu ne kamar ubansa Green Goblin, ko kuwa jini ne ya ja shi, ba yadda ya iya? Na kuma ga waɗanda suka sallame ka da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Karin maganar ba ta da laifi, sai dai a nan ba ta zauna ba.

Ni littattafan zanen na fara sani kafin fim. Muna 'yan sakandare a Kano, wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa a Sabon Gari muke tsintar su, cakuɗe da mujallun da suka kwana biyu, wani babu bango, wani an yage masa tsakiya. Kuma ba a jere suke zuwa ba. Sai ka karanta mutuwar mutum bana, baɗi ka tsinci inda yake saurayi yana neman aure. Haka na san Harry, daga ƙarshe zuwa farko. Sai da intanet ta wadata na zauna na bi labarin a jere, a nan ne na daina ganinsa a matsayin ƙaramin bos.

Maganar jini tukuna, tunda ita ce ta fi saurin warwarewa. Green Goblin ya fara bayyana a 1964, a The Amazing Spider-Man lamba 14, aikin Stan Lee da Steve Ditko, aka shekara biyu babu mai karatun da ya san fuskar da ke ƙarƙashin koren ƙyallen. Harry ya shigo a lamba 31, a 1965, lokacin da Peter Parker, wato Spider-Man, ya shiga jami'a, fitowa ɗaya da Gwen Stacy, wadda daga baya ta zama budurwar Peter. Harry ɗan masu kuɗi ne mai ɗaga hanci, ba ka ganinsa ka ji yana burge ka. A 1966, lamba 39, wadda John Romita ya fara zanawa bayan tafiyar Ditko, aka yaye fuskar: ashe Norman Osborn ne, uban wannan ɗan ajin nasu. Lamba 40 ta ba da asalin abin. Norman ya sa an ɗaure abokin kasuwancinsa Mendel Stromm, ya tsinci wani haɗin sinadari a takardunsa, ya gwada, abin ya koma kore ya fashe masa a fuska, ya ba shi ƙarfi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. To, lokacin da wannan ya faru Harry ya riga ya tasa, yana zuwa makaranta. Ta ina sinadarin zai bi ya shiga jininsa? Fim ɗin 2014 ne, wanda Dane DeHaan ya fito a Harry, ya ƙirƙiro wata cutar gado da ke bin zuri'ar Osborn. A asalin labarin babu ita.

Wannan lamba 40 ɗin ka nema ka duba da idonka. Norman ya ɗaure Peter a kujera yana ba shi tarihin kansa, yana bugun ƙirji cewa shi uba ne na gari, babu abin da bai saya wa ɗansa ba. Amma hotunan da aka zana a ƙarƙashin maganar tasa suna ƙaryata shi: yaro maraya, ba uwa, yana neman ubansa ya kula shi, uban yana cewa aiki ya sha masa kai. Ban san wani wuri da littafin zane ya yi abin da rubutu zalla ba zai iya ba kamar nan, baki na faɗin ɗaya, ido na ganin wani. Abin da Harry ya tashi da shi ke nan, yunwar ubansa ya ce masa "madalla" ko sau ɗaya ne.

Sai kuma rufin asiri, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya. A ƙarshen wancan faɗan Norman ya faɗa kan wayoyin lantarki da sinadarai, ya farka ya manta cewa ya taɓa zama Goblin. Me Peter ya yi? Ya tuɓe masa kayan ya ƙona, ya bar mutane da labarin cewa Osborn mutumin kirki ne. Niyyarsa kyakkyawa ce, don kada yaron ya ji kunya. Mu a wurinmu wannan halin dattako ne, ka ga tsiraicin mutum ka yafa masa mayafi. Amma dubi inda ta kai su. Peter ya koma zama gida ɗaya da Harry, suna cin abinci tare, yana sane da abin da ke kwance a kan uban abokinsa, bai taɓa buɗe baki ba.

A 1971 aka yi lamba 96 zuwa 98, waɗanda suka yi suna saboda Marvel, kamfanin da ke fitar da littattafan, ta buga su ba tare da hatimin hukumar tace littattafan zane ta Amurka ba, don hukumar ba ta yarda a nuna shaye-shaye ko da don gargaɗi ne. Wanda aka nuna yana haɗiyar ƙwaya kuwa Harry ne, bayan budurwarsa Mary Jane ta juya masa baya. A daidai lokacin ciwon Norman ya tashi. Ka san da me Spider-Man ya kayar da shi? Ba naushi ba ne. Tilasta masa ya yi ya leƙa ta tagar asibiti ya ga ɗansa a kwance, ganin nan ya karya shi ya sake mantawa. Ina kawo wannan ne don masu cewa Norman bai taɓa son ɗansa ba. Da bai so shi ko kaɗan ba, da Harry ya huta, ya yanke ƙauna ya kama gabansa. Ɗan abin da yake gani jefi-jefi shi ya hana shi tafiya.

Lamba 121 da 122, a 1973, rubutun Gerry Conway da zanen Gil Kane, su ne kowa ya sani: Goblin ya jefo Gwen Stacy daga saman gada ta mutu, shi kuma abin hawansa mai tashi, wanda ya turo don ya soke Spider-Man ta baya, ya kuskure ya soke shi a ƙirji. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne inuwar mutum da aka nuna a gefe tana kallo. Harry ne, bai gama farfaɗowa daga wani shan ƙwayar ba. Da kowa ya watse sai ya je ya tuɓe wa gawar ubansa kayan Goblin ya ɓoye, don kada duniya ta sani. Aka tsinci gawar attajiri, zargi ya hau kan Spider-Man, har J. Jonah Jameson, mai jaridar da ya tsani Spider-Man, ya ɗauki hayar wani ƙaƙƙarfan jarumi, Luke Cage, ya kamo shi.

A wannan daren Harry ya karɓi gadonsa, ba ranar da ya sa rigar ba. Ya ga gaskiya da idonsa, hannunsa ya taɓa ta, ya naɗe ta ya kai ɗaki. Wanda ya ɗauki irin wannan kaya shi kaɗai, dole ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, in ba haka ba sai ya yarda cewa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana neman yardarsa shi ya kashe Gwen, ƙawarsu. Da ya tsinci kayan Spider-Man a ɗakin Peter, ai ya samu. A lamba 136, 1974, ya dasa bam a gidan da suke zaune, Mary Jane ta ji rauni, ya fito a matsayin Goblin na biyu. Ko ƙarfin ubansa ba shi da shi a lokacin, riga ce kawai da bama-bamai masu siffar kabewa. Da aka kama shi yana ihu cewa shi ne Green Goblin, 'yan sanda ba su ma yarda ba, suka ce ya yi ƙanƙanta. Abin dariya abin tausayi, ko muguntar ma an ce bai kai ubansa ba.

Bari in ɗan fita daga littafi. Da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, mun tarar da wani littafin lissafi a shagonsa, da sunayen mutanen da ke bin sa kuɗi, wasu ma ba su san an rubuta ba. Babban yayanmu ya ce a ɓoye, kada a ce tsoho ya tafi da nauyin mutane. Malamin da ya zo rabon gado ya ce ba a taɓa ko kwabo sai an fitar da bashi, haka shari'a ta tsara. Mun ji ɗaci a ranar, gidan da muke sa ran riƙewa sai da aka sayar da rabinsa. Bayan shekaru da na sake karanta lamba 122, yayan nan nawa na gani a inuwar da ke gefe, da littafin lissafin a ƙarƙashin riga. Bambancin kawai, mu an samu wanda ya ce a fito da shi.

Bayan an yi masa magani Harry ya samu wasu shekaru na lafiya. Ya manta, ya auri Liz Allan, ya riƙe kamfanin gidansu, aka haifa masa ɗa a 1985. Wane suna ya sa wa yaron? Norman. Suna kiransa Normie. Mu nan sai mu ce ya yi wa baba takwara, mu yi masa addu'a. A gidan Osborn kuwa sai da gabana ya faɗi da na gani.

Wanda ya fi kowa fahimtar Harry a ganina shi ne J.M. DeMatteis, tare da mai zane Sal Buscema, a The Spectacular Spider-Man, daga lamba 178 a 1991 har zuwa 200 a 1993. A nan fatalwar uban take bin sa tana kiransa rago, shi kuma yana tuno dukan da ya sha yana ƙarami, yana kuma ƙaryata kansa cewa ai baba mutumin kirki ne. A wannan zangon ne ya sha sinadarin da hannunsa, da hankalinsa, yana magidanci mai mata da ɗa. Don haka ba zan wanke shi tas ba, ƙanina. Ya tsare iyalinsa a teburin cin abinci kamar fursunoni, ya kafa gidauniya da sunan ubansa da nufin tara mutanen da yake ganin sun raina tsohon ya tayar da ginin da su. Wannan zaɓi ne, ba wanda ya riƙe masa hannu. Amma a lamba 200, bayan ya sa wa Peter maganin da ya kashe masa jiki ya kunna bam, sai ya tuna Mary Jane, wadda a lokacin matar Peter ce, da ɗansa Normie suna cikin ginin. Ya fitar da su. Sannan ya koma ya ɗauko Peter. Sabon haɗin da ya sha ya zame masa guba, ya faɗi, ya cika a motar asibiti yana riƙe da hannun Peter, bayan ya ce masa shi ne babban amininsa. Shafukan ƙarshe babu kalma ko ɗaya, zane ne kawai. Ita ce fitowar da na fara tsinta a Sabon Gari, ban san ko su wane ne ba, amma sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

Fina-finan da ka kalla sun ɗebo daga nan. A na 2002 Norman yana mutuwa yake roƙon Peter kada ya gaya wa Harry, Peter ya cika alkawari, ƙiyayya ta tsiro a kan shirun. Inda suka ba ni haushi shi ne na 2007, da aka bar tsohon mai hidimar gidan ya zo a ƙurarren lokaci yana cewa shi ya wanke raunin maigida, ya san abin hawansa ne ya kashe shi. To baba, ina kake duk shekarun nan? Sai da fuskar yaro ta ƙone? Duk da haka, ko wannan raunin rubutun ya faɗo kan gaskiyar labarin: kowa a gidan ya sani, kowa yana lallaɓa Harry.

Abin da ya biyo baya kasuwanci ne, zan taƙaita. A 1996 Marvel ta dawo da Norman da rai, wanda hakan ya sa mutuwar Harry ta ƙara ciwo, tunda uban da Harry ya mutu yana rama wa ashe yana Turai a ɓoye. A ƙarshen 2007 aka dawo da Harry ma, a 2021 kuma aka ce wanda ya dawo ɗin kwafinsa ne da aka ƙera. Ni dai wannan ban ɗauke shi da zafi ba. Abu biyu ne suka tsaya mini a wannan zamanin. A labarin American Son na 2009 Norman ya miƙa masa sulke da muƙami, Harry ya kayar da shi a faɗa, ya samu damar kashe shi, ya ajiye ya tafi. Daga baya kuma ya sauke sunan Osborn ya ɗauki na mahaifiyarsa, Lyman. Sai dai a 2018, wajen lamba 800 ta The Amazing Spider-Man, kakan ya waiwayo kan Normie, ya shafa masa dodon Carnage, wata halitta mai manne wa jikin mutum, ya mai da shi ƙaramin Goblin na ɗan lokaci.

In za ka karanta, kada ka wahalar da kanka da duka. Fara da 39 da 40, sai 96 zuwa 98, sai 121 da 122, sai 136 da 137, sannan ka zauna da na DeMatteis a natse, ba a cikin hayaniya ba. Lamba 200 ɗin da na saya tana nan a akwatina, bangon baya ya cire, wani ɗan ajinmu ya zana wa Peter gashin baki da biro a shafi na uku. In ka shigo Kano ka yi mini magana in ara maka, amma a gabana za ka karanta.