Amsar Kawu kan jirgin kwal

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Toh ɗana naji saƙonka, kace kaga hoton wani tsohon kan jirgi yayi tsatsa, kana tambaya yaushe aka daina jirgin kwal kuma wai ko lalacewa yayi. A'a wallahi ba lalacewa bace, bari in gaya maka, don ni a gidan ma'aikacin reluwe na tashi a Sabon Garin Zariya, mahaifinmu Allah ya jiƙansa fayaman ne, wato mai zuba kwal a wuta.

Kaga shi wannan jirgin abu biyu yake ci, kwal da ruwa. Ruwan a tafasa shi ya zama tururi, tururin ya tura ƙafafun. Toh kwal ɗin daga ina? Daga Inugu. Ka duba nisan Inugu zuwa Kano, zuwa Nguru, zuwa Ƙauran Namoda, sai an cika taragu da kwal an jawo su har arewa kafin jirgin da zai ɗauki gyaɗa ya samu abinda zai ci, kenan jirgi na ɗaukar abincin jirgi. Ga ruwa kuma, da rani ka sani ai yadda ƙasarmu take, mutum ma nema yake balle tukunyar ƙarfe da bata ƙoshi. Shi yasa tun 1955 aka fara kawo na dizal daga Ingila, amma ba'a yar da na kwal ba, tare suke aiki, don akwai masu ƙarfi da aka kawo daga 1948 waɗanda aka sa musu sunayen koguna, lokacin basu ma tsufa ba.

Abinda ya karya jirgin kwal gaba ɗaya yaƙin basasa ne, 1967 zuwa 1970. Hanyar Inugu ta rufe, kwal ya yanke, toh me zaka zuba? Bayan yaƙi kuma ga man fetur ya samu a ƙasa, sai dizal ya cinye layin, a cikin shekarun 1970 ɗin nan aka dinga ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Ba mu kaɗai ba fa, Ingila da ta ƙera su ta sallami nata a 1968, China ce ma ta jima, har 2005 suna jan kaya dasu a babban layi.

Amma ni abinda ke taɓa min zuciya mutanen ne. Baba tun kafin asuba yake fita, don wutar nan sai an hura ta awanni kafin jirgi ya motsa, ba kamar dizal ba da za'a tayar kawai. Ya wuni da shebur a hannu gaban wuta, har cikin azumi, ya dawo baƙi ƙirin in banda ido da haƙori, Inna ta wanke kayan ruwan ya koma kamar tawada. Da dizal yazo ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne, shi da bakinsa yake cewa alhamdulillahi. Duk da haka ranar da yaga an tura kan jirginsa gefen layi an kashe wutar, ko tuwo bai ci ba a daren.

Ɗana dan Allah ka sake turo hoton nan a girup, ka zuƙo min gefen da lambar take, inaso in ga ko irin nasu Baba ne.