Shekaru Takwas na Obama a Majalisar Jihar Illinois

Malam, ka tambaya ko Barack Obama ya taɓa riƙe muƙamin zaɓe kafin ya je majalisar dattawan Amurka. Ƙwarai kuwa, ya wakilci mazaɓa ta 13 da ke kudancin birnin Shikago a majalisar dattawan jihar Illinois daga 1997 zuwa 2004.

Shigarsa ba ta zo da sauƙi ba. A 1995 mai riƙe da kujerar, Alice Palmer, ta fara mara masa baya, daga bisani ta dawo neman kujerarta, sai magoya bayansa suka bi takardun sa hannun masu goyon bayanta suna ɗaya bayan ɗaya, aka gano ingantattun sa hannun ba su kai adadin da ake buƙata don tsayawa takara ba, har ta janye daga takarar fidda gwani ta jam'iyyar Democrat a farkon 1996, shi kuma ya ci zaɓen shekarar. An sake zaɓensa a 1998 da 2002, amma a 2000 Bobby Rush, ɗan majalisar wakilai mai ci a lokacin, ya kayar da shi mummunan kaye lokacin da ya nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya.

A ganina, aikinsa mafi daraja shi ne dokar 2003 da ta wajabta wa 'yan sanda naɗar bidiyo ko sautin tambayoyin da suke yi wa waɗanda ake zargi da kisan kai, domin kare talaka daga tilasta masa amsa laifin da bai aikata ba.